Yadda ake adana manyan fayiloli a rumbun bayanai daga cikin manhaja, da yadda ake fito da su

Mai rubuta manhaja a Jos da aka ba shi aikin tsara wa ƙaramin asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje tsarin ajiyar bayanan marasa lafiya ba ya daɗewa kafin wata tambaya ta tare masa hanya. Sunan mara lafiya da shekarunsa da lambar katinsa ƙananan abubuwa ne da suke shiga tebur ba tare da wahala ba, amma hoton ƙirji, da takardar sakamakon gwaji da aka mayar PDF, da hotunan CT waɗanda nauyinsu kan kai ɗaruruwan megabayit, su kuma ina za a kai su? Wannan jagorar ta bi hanyar saka su cikin rumbun bayanan kansa, da rumbun PostgreSQL da harshen Python a matsayin misali, kuma ƙa'ida ɗaya ce take riƙe da aikin gaba ɗaya: babban fayil ba ya shiga rumbu a dunƙule, ba ya kuma fita a dunƙule, sai gutsure-gutsure.

Mataki na farko: a tabbatar rumbun ne ya dace

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin akwai hanya ta biyu wadda mutane da yawa suka fi bi, wato a ajiye fayil a folda ko a ma'ajiyar waje irin su Amazon S3 da MinIO, sannan a rubuta adireshinsa kawai a tebur. A shekarar 2006 Jim Gray da abokan aikinsa biyu a sashen bincike na Microsoft sun auna hanyoyin biyu, suka gano cewa fayil ɗin da bai kai kilobayit 256 ba ya fi sauri idan yana cikin rumbun bayanai, wanda ya haura megabayit ɗaya ya fi dacewa da zaman folda, abin da ke tsakani kuwa ya danganta da yawan karantawa da sake rubutawa. Na'urorin ajiya sun canza ƙwarai tun daga lokacin, amma hasken da binciken ya bayar bai dusashe ba.

Sai dai sauri ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. A ɗauka manhajar ta ajiye hoton ƙirjin wani mutum a folda, kafin ta rubuta layinsa a tebur wuta ta ɗauke, ba a kuma tayar da janareta ba sai da batirin kwamfutar ya ƙare. Yanzu akwai hoto a folda wanda babu wanda ya san mai shi. Haka kuma idan wani ma'aikaci ya share folda ko ya sauya mata suna, tebur zai ci gaba da nuna adireshin abin da babu shi. Idan fayil ɗin yana cikin rumbu, shi da bayaninsa tare suke shiga ko tare su fasa shiga, kwafin ajiya guda ne yake ɗauke su, kuma izinin da ya tsare ɗaya shi ya tsare ɗayan. Kuɗin da ake biya kan wannan shi ne kumburin rumbun, da tsawon lokacin ɗaukar kwafi, da nauyin da ake ɗora wa sabar. A ganina, wurin da yake da sabar guda ɗaya a ofis, ba shi da ma'aikaci na musamman mai kula da ita, kuma jimillar fayilolinsa ba za ta wuce gomman gigabayit ba, rumbun ya fi masa kwanciyar hankali. Wanda yake tara bidiyo ko dubban hotunan CT a kowane wata, ya nemi ma'ajiyar waje tun daga farko.

Mataki na biyu: a san iyakar kowane rumbu

Kowane rumbu yana da nau'in ginshiƙi na ɗanyun bayit, kuma kowanne yana da iyakarsa. A PostgreSQL sunansa bytea, kuma gurbi ɗaya ba ya wuce gigabayit ɗaya. A MySQL kala huɗu ne: TINYBLOB yana ɗaukar bayit 255, BLOB bayit 65,535, MEDIUMBLOB kimanin megabayit 16, LONGBLOB kuma kimanin gigabayit 4. A nan ne sababbin hannu sukan yi tuntuɓe, domin suna ganin sunan BLOB sai su zaɓe shi, alhali hoto ɗaya na wayar zamani ya fi ƙarfinsa. Ko LONGBLOB ɗin ma akwai saitin max_allowed_packet a gabansa, wanda a MySQL 8.0 yake zuwa a megabayit 64, kuma ba a iya ɗaga shi sama da gigabayit ɗaya. SQL Server yana da varbinary(max) mai iyakar gigabayit 2, SQLite kuma bisa saitin da yake zuwa da shi yana tsayawa a bayit biliyan ɗaya. MongoDB ba ya karɓar takarda da ta wuce megabayit 16, shi ya sa aka ƙirƙiro masa GridFS, wanda yake yanka fayil zuwa gutsattsari masu kilobayit 255.

Waɗannan alƙaluman suna iya yaudarar mutum. Cewa gurbi yana ɗaukar gigabayit ɗaya ba ya nufin a zuba masa gigabayit ɗaya. Tun kafin a kai iyakar rumbun, RAM ce take fara gajiya. Fayil mai megabayit 200 da aka karanta gaba ɗaya zai zauna a RAM ɗin manhaja, ya sake zama a ta rumbun, kuma idan PostgreSQL ya dawo da shi a sigar rubutu, kowane bayit haruffa biyu yake komawa, wato megabayit 400. Idan likitoci biyar suka buɗe irin wannan fayil a lokaci ɗaya a kan sabar mai gigabayit 4, Linux zai iya kashe ɗaya daga cikin ayyukan da suke cin RAM domin ya ceci kansa, idan kuwa na PostgreSQL ya kashe, rumbun zai katse kowa da kowa ya sake tashi, har da mai karɓar kuɗi a kanta wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mataki na uku: tebur biyu, ba ɗaya ba

Bayanin fayil daban, cikinsa daban. Tebur na farko yana riƙe suna da iri da girma, na biyu yana riƙe gutsattsarin.

```sql
CREATE TABLE fayil (
  lamba       bigint GENERATED ALWAYS AS IDENTITY PRIMARY KEY,
  lambar_kati bigint NOT NULL,
  suna        text NOT NULL,
  iri         text NOT NULL,
  girma       bigint,
  tambari     char(64),
  lokaci      timestamptz NOT NULL DEFAULT now()
);

CREATE TABLE gutsure (
  lambar_fayil bigint NOT NULL
               REFERENCES fayil (lamba) ON DELETE CASCADE,
  jeri         integer NOT NULL,
  abu          bytea NOT NULL,
  PRIMARY KEY (lambar_fayil, jeri)
);

ALTER TABLE gutsure ALTER COLUMN abu SET STORAGE EXTERNAL;
```

Amfanin rabawar yana bayyana ne a ranar da aka buƙaci jerin fayilolin wani mara lafiya. Da a tebur ɗaya suke, umarnin SELECT * guda ɗaya da wani ya rubuta cikin gaggawa zai kwaso hotunan duka ya tura ta waya, alhali sunayensu kawai ake so. Babban mabuɗin tebur na biyu, wato lambar fayil haɗe da jeri, shi yake hana gutsure ɗaya shiga sau biyu, shi kuma yake ba da fihirisar da za a riƙa nemo kowane gutsure da ita nan take. ON DELETE CASCADE yana sa gutsattsari su bi uwarsu idan aka share ta.

Layin ƙarshe yana bukatar ɗan bayani. PostgreSQL yana ajiye bayanai a shafuka masu kilobayit 8, kuma duk abin da ya haura kimanin kilobayit 2 yakan gwada matse shi, sannan ya kai shi wani tebur na gefe ta tsarin da ake kira TOAST. Hotunan JPEG da PNG da yawancin PDF tun asali a matse suke, saboda haka ƙoƙarin sake matse su ɓata lokaci ne kawai. EXTERNAL yana gaya wa rumbun ya kai su gefe ba tare da matsewa ba.

Game da girman gutsure, megabayit ɗaya ya wadatar. Idan ya yi ƙanƙanta da yawa layuka su yi yawa, kai-komo tsakanin manhaja da rumbu ya ƙaru, idan ya yi girma da yawa an koma gidan jiya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a zaɓi girma ɗaya a tsaya a kansa, domin lissafin karantawa daga tsakiya, wanda zai zo a gaba, a kansa ya dogara.

Mataki na huɗu: a karɓi fayil ɗin a bakin ƙofa

Kada a buɗe rubutu a rumbu alhali fayil ɗin yana kan hanya. Ma'aikaciyar da take turo hoto daga reshen Bukuru da datar waya tana iya ɗaukar mintuna masu yawa, kuma duk tsawon lokacin mahaɗa ɗaya ta rumbun, wato layin da manhaja take magana da shi, za ta zauna a riƙe babu aikin fari babu na baƙi. A bar fayil ɗin ya sauka a fayil na wucin gadi a faifan sabar, idan ya kammala sai a shigar da shi rumbu cikin daƙiƙoƙi. Yawancin tsare-tsaren gina shafin intanet suna yin haka da kansu idan fayil ya yi girma.

A wannan bakin ƙofar akwai shingaye da sukan tsayar da fayil tun bai ga kod ɗin ba, kuma mutum zai iya kwana yana binciken rumbu alhali matsalar tana waje. Nginx, manhajar da ke tsaye a gaban sabar tana karɓar buƙatun intanet, bisa saitinsa na asali ba ya barin abin da ya wuce megabayit ɗaya, sai ya mayar da kuskure mai lamba 413, gyaransa yana client_max_body_size. PHP kuma yana zuwa da upload_max_filesize a megabayit 2 da post_max_size a megabayit 8. A ɗaga su zuwa iyakar da aka amince da ita, a kuma sa irin wannan iyakar a cikin manhaja, kada a bar ƙofa a wangale.

Sannan kada a yarda da abin da fayil ya ce game da kansa. Suna mai ƙarewa da .pdf ba shaida ba ce, haka ma irin da burawza ta ambata. A duba bayit na farko: PDF yana farawa da %PDF-, JPEG da FF D8 FF, PNG da 89 50 4E 47, fayil ɗin DICOM na hotunan asibiti kuma yana ɗauke da haruffan DICM bayan bayit 128 na farko. Abin da bai dace da jerin da aka yarda da shi ba, a mayar da shi. A kuma guji ɗabi'ar nan ta mayar da fayil Base64 a cusa shi cikin JSON, domin tana ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na nauyi, tana kuma tilasta a riƙe shi gaba ɗaya a RAM.

Mataki na biyar: shigarwa

Misalin nan yana amfani da siga ta uku ta psycopg, direban da ke haɗa Python da PostgreSQL.

```python
import hashlib
import psycopg

GIRMAN_GUTSURE = 1024 * 1024

def adana(mahada, lambar_kati, suna, iri, hanya):
    tambari = hashlib.sha256()
    girma = 0
    jeri = 0
    with open(hanya, "rb") as tushe, mahada.transaction():
        lamba = mahada.execute(
            "INSERT INTO fayil (lambar_kati, suna, iri) "
            "VALUES (%s, %s, %s) RETURNING lamba",
            (lambar_kati, suna, iri),
        ).fetchone()[0]
        while True:
            abu = tushe.read(GIRMAN_GUTSURE)
            if not abu:
                break
            mahada.execute(
                "INSERT INTO gutsure (lambar_fayil, jeri, abu) "
                "VALUES (%s, %s, %s)",
                (lamba, jeri, abu),
            )
            tambari.update(abu)
            girma += len(abu)
            jeri += 1
        mahada.execute(
            "UPDATE fayil SET girma = %s, tambari = %s WHERE lamba = %s",
            (girma, tambari.hexdigest(), lamba),
        )
    return lamba
```

Aikin kamar na mai ruwa ne da yake cika tanki da jarka: komai girman tankin, jarka ɗaya ce a hannunsa a kowane lokaci. Fayil mai megabayit 40 zai zama layi 40, mai megabayit 900 zai zama layi 900, amma RAM ɗin da ake ci ba ta canzawa.

Abubuwa huɗu ne a wannan kod ɗin da ba a wasa da su. Na farko, harafin b da ke cikin "rb", wanda yake sa a karanta ɗanyun bayit. Idan aka buɗe hoto a matsayin rubutu, Python zai yi ƙoƙarin fassara bayit zuwa haruffa, ko dai ya tsaya da kuskure ko ya sauya alamomin ƙarshen layi ya lalata hoton. Haka nan ginshiƙin text a PostgreSQL ba ya karɓar bayit mai sifili, wanda hotuna suke cike da shi. Na biyu, guraben %s. Ba a taɓa liƙa bayit ko sunan fayil cikin jimlar SQL da hannu, domin suna mai ɗauke da alamar hamza (') irin ta kalmar ma'aikata ya isa ya karya umarnin, mai mugun nufi kuma ta nan yake shigowa.

Na uku shi ne dunƙulallen aiki da transaction() take buɗewa, wato duk abin da ke tsakanin BEGIN da COMMIT. Idan wuta ta ɗauke a gutsure na ashirin, ko faifai ya cika, PostgreSQL zai watsar da duk abin da aka fara, ba za a sami rabin hoto a rumbu ba, kuma babu wani mai karatu da zai ga layin fayil ɗin kafin gutsure na ƙarshe ya shiga. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani: idan ba a buɗe mahaɗar da autocommit=True ba, kuma an riga an aika wani umarni kafin a kira adana, to psycopg ya riga ya buɗe dunƙulallen aiki a ɓoye, sai transaction() ta zama ƙaramin sashe a cikinsa, ta fita ba tare da ta tabbatar da komai ba. Manhaja za ta ce an adana, a rufe mahaɗa, a nemi fayil a rasa. Saboda haka a buɗe ta da psycopg.connect(adireshi, autocommit=True).

Na huɗu shi ne tambarin SHA-256, haruffa 64 da ake lissafawa yayin da gutsattsarin suke wucewa, ba tare da an sake karanta fayil ɗin ba. Da shi ake gane ko abin da ya fito shi ne abin da ya shiga, da shi kuma ake gane cewa wannan takardar an taɓa turo ta da wani suna.

Dalilin karantawa daga fayil na wucin gadi yana da fuska ta biyu. Fayil da aka buɗe daga faifai da open yana ba da cikakken megabayit ɗaya a kowane read, in ban da na ƙarshe. Abin da yake kwararowa kai tsaye daga intanet kuwa yana iya ba da ƙasa da abin da aka nema, sai gutsattsari su fito wani dogo wani gajere, lissafin mataki na gaba ya rushe ba tare da wani kuskure ya bayyana ba.

Mataki na shida: fitarwa

```python
def karanta(mahada, lamba, daga=0):
    jeri, tsallake = divmod(daga, GIRMAN_GUTSURE)
    while True:
        layi = mahada.execute(
            "SELECT abu FROM gutsure "
            "WHERE lambar_fayil = %s AND jeri = %s",
            (lamba, jeri),
            binary=True,
        ).fetchone()
        if layi is None:
            return
        yield layi[0][tsallake:]
        tsallake = 0
        jeri += 1
```

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba a nemi gutsattsarin duka da umarni ɗaya mai ORDER BY jeri ba, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya? Amsar ita ce psycopg, idan ba a ce masa komai ba, yakan kwaso sakamakon umarni gaba ɗaya ya ajiye a RAM ɗin manhaja tun kafin a nemi layi na farko, wato an yanka fayil ɗin a banza. Ko dai a riƙa neman gutsure ɗaya a kowane umarni kamar yadda aka yi a sama, ko a yi amfani da mai nuni mai suna (named cursor), wanda yake zaune a ɓangaren sabar yana miƙo layuka kaɗan-kaɗan. Hanya ta farko ta fi sauƙi, kuma ba ta riƙe dunƙulallen aiki a buɗe yayin da mai saukewa yake jan ƙafa. Shi kuwa binary=True yana hana ninkawar nan ta haruffa biyu a kowane bayit. Kalmar yield ita take sa kowane gutsure ya wuce zuwa burawza kafin a ɗauko na gaba, kuma tsare-tsaren gina shafin intanet na Python irin su Django da Flask da FastAPI duk suna da nau'in amsa mai karɓar irin wannan kwararar.

Kafin a tura bayit na farko, a duba izini. Lambar fayil tana bin jeri ne, 501, 502, 503, saboda haka duk wanda ya ga adireshin takardarsa zai iya sauya lambar ya gwada ta maƙwabcinsa. Dole manhaja ta tabbatar a kowane nema cewa mai neman yana da hurumin ganin katin da fayil ɗin yake ƙarƙashinsa. Wannan ba batun ladabi kawai ba ne, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke bukatar kulawa ta musamman, kuma akwai hukuma a Abuja, NDPC, da aka ɗora wa sa ido a kai.

Daga tebur na farko ake ɗauko abin da za a rubuta a kan amsar: Content-Type daga iri, Content-Length daga girma domin mai saukewa ya ga saura nawa, ETag daga tambari, sai X-Content-Type-Options: nosniff domin kada burawza ta yi wa fayil ɗin fassarar kanta. Sunan fayil yana tafiya a Content-Disposition, kuma a nan haruffanmu masu lanƙwasa sukan ba da matsala. Suna irin hoton-ƙirji.jpg, idan aka tura shi yadda yake, yana iya isa da wasu alamomi marasa ma'ana a gurbin ƙ. Hanyar da ta dace ita ce filename*=UTF-8''hoton-%C6%99irji.jpg, tare da filename na biyu mai haruffa marasa lanƙwasa saboda tsofaffin manhajoji.

Amfanin gurbin nan mai suna "daga" da ke cikin karanta yana fitowa ne idan layi ya yanke. A ɗauka wani yana sauke fayil mai megabayit 40, wato bayit 41,943,040, a kan hanyar Barikin Ladi, sabis ya ɗauke bayan ya sami bayit miliyan biyar. Idan sabar ta sanar tun farko da Accept-Ranges: bytes, wayarsa za ta iya dawowa da Range: bytes=5000000- ta nemi ragowar kawai. Lissafin divmod zai ba da jeri na 4 da tsallake 805,696, wato a fara daga gutsure mai lamba 4, a zubar da bayit 805,696 na farkonsa, a ci gaba. Amsar za ta fita da lamba 206 maimakon 200, tare da Content-Range: bytes 5000000-41943039/41943040. Ga wanda yake sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ɗan lissafin shi ne bambanci tsakanin biya sau ɗaya da biya sau uku.

Wasu hanyoyin da rumbuna suka tanada

PostgreSQL yana da nasa tsarin na manyan abubuwa (Large Objects), wanda yake yanka fayil zuwa gutsattsari masu kilobayit 2 a tebur ɗin pg_largeobject, yana kuma ɗaukar har terabayit 4 tun daga sigar 9.3. Ana aiki da shi ta lo_create da lo_put da lo_get da lo_unlink. Yana aiki sosai, amma yana da halaye biyu da suka sa na fi karkata ga tebur ɗin gutsure. Share layin da ke riƙe da lambar abu ba ya share abin kansa, sai a tara marayu waɗanda sai an bi su da vacuumlo ko an sa lo_manage ya riƙa share su. Sannan kwafin da ake yi tsakanin sabar biyu ta hanyar PUBLICATION da SUBSCRIPTION ba ya ɗaukarsu. Tebur ɗin gutsure kuwa tebur ne kamar kowane, kuma tsarinsa yana komawa MySQL da MEDIUMBLOB ko SQL Server da varbinary(max) ba tare da sauya tunani ba.

Mai aiki da SQLite a manhajar da ke zaune a kwamfuta ɗaya zai iya tanadar wuri da zeroblob, sannan ya cika shi kaɗan-kaɗan da blobopen, wanda ya shigo Python a sigar 3.11. A Java akwai setBinaryStream da getBinaryStream, a PHP akwai PDO::PARAM_LOB, sai dai a gwada a gani, domin wasu direbobin suna nuna kamar kwarara suke yi alhali a ɓoye sun kwashe komai zuwa RAM.

Mataki na bakwai: sharewa da kwafin ajiya

Umarnin DELETE ba ya mayar wa faifai da wuri nan take. PostgreSQL yana yi wa layukan alama ne, autovacuum, mai sharar da ke aiki da kansa, ya zo daga baya ya mayar da gurbinsu abin sake amfani a cikin tebur ɗin. Wanda yake so faifan ya ragu a zahiri sai ya yi VACUUM FULL, wanda yake kulle tebur har ya gama, yake kuma bukatar wurin da zai rubuta sabon kwafi, saboda haka aikin dare ne, ba na safiyar Litinin da layin marasa lafiya ya kai waje ba. A kuma tuna cewa duk bayit da ya shiga ana rubuta shi sau biyu, ɗaya a kundin WAL, inda PostgreSQL yake fara rubuta kowane sauyi, ɗaya a tebur, don haka kada a bari faifai ya kusa cika. Umarnin SELECT pg_size_pretty(pg_total_relation_size('gutsure')) yana nuna girman da aka kai, kuma yana da kyau a riƙa rubuta sakamakonsa kowane wata domin a san saurin hauhawarsa.

Kwafin ajiya shi ne inda nauyin wannan zaɓin yake sauka. Umarnin pg_dump -Fc zai ɗauki komai, har da hotuna, kuma tun da hotunan ba sa matsuwa, kwafin zai yi kusan girman rumbun. Idan ya fara ɗaukar lokaci mai tsawo, ana iya yin ƙaramin kwafi kullum da --exclude-table-data=gutsure, cikakke kuma a ranakun da aka tsara, amma a fahimci abin da aka yarda da shi: idan faifai ya mutu, fayilolin da suka shiga bayan cikakken kwafi na ƙarshe sun tafi, sai sunayensu kawai. Ga asibiti wannan ba abin karɓa ba ne sai in takardun asali suna nan. A MySQL a sa --hex-blob a mysqldump domin kada bayit su gurɓata a cikin fayil ɗin kwafi. Kwafi ɗaya aƙalla ya bar ginin, a rufe da mabuɗin sirri, domin faifan da ke kan teburi ɗaya da sabar tsawa ɗaya ce a daminar Jos take iya ƙone su tare.

Mataki na takwas: gwaji kafin a miƙa aiki

A ƙirƙiri fayil na bayit barkatai da head -c 500M /dev/urandom > gwaji.bin, a ɗauki tambarinsa da sha256sum, a shigar da shi ta hanyar adana, a fito da shi ta karanta, a kwatanta tamburan uku: na asali, na tebur, da na abin da ya fito. Yayin da yake shiga a buɗe top a wata taga a zuba wa RAM ɗin manhajar ido, idan tana hawa tare da girman fayil ɗin, akwai inda ake tara shi a dunƙule, sai a nemo wurin. A gwada fayil mai bayit sifili, da mai megabayit ɗaya cif, da mai megabayit ɗaya da bayit ɗaya, domin a kan iyakar gutsure ne kurakuran lissafi suke ɓuya. A kashe manhajar da kill -9 tana tsakiyar shigarwa, a duba a tabbatar tebur biyun babu ko layi ɗaya na wannan fayil ɗin. A katse saukewa a tsakiya, a ci gaba da curl -C - -O, a sake duba tambari. Daga ƙarshe a ɗauki kwafin ajiya a mayar da shi a wata kwamfuta dabam da pg_restore, a sa ɗan gajeren kod ya bi kowane layi na tebur ɗin fayil, ya sake lissafa SHA-256 daga gutsattsarinsa, ya fitar da lambar duk wanda bai dace da abin da ke rubuce ba.